Manhajojin Kiran Mota: Yadda Suke Aiki Da Tasirinsu Ga Direbobi Da ’Yan Kasuwa A Jihar Kano

Manhajar kiran mota hanya ce ta haɗa fasinja da direba ta wayar salula, ba tare da fasinjan ya je tasha ko ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu ba. A mafi yawan lokuta kamfanin da ya mallaki manhajar ba shi da motocin da ake hawa, kuma bai ɗauki direbobin a matsayin ma’aikatansa ba. Aikinsa uku ne: ya haɗa mai tafiya da mai abin hawa, ya yanke kuɗin tafiyar, sannan ya cire kasonsa.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin kusan shi ne abin da ɗan kamasho yake yi a tasha tun da daɗewa. Bambancin shi ne, ɗan kamashon tasha mutum ne da ake gani, ana iya jayayya da shi, ana kuma iya kai ƙararsa wajen shugaban tasha. Na cikin waya kuwa lissafin kwamfuta ne, shi yake yanke farashi, shi yake raba fasinjoji, kuma yana iya sallamar direba daga aiki ba tare da an zauna da shi ba. Daga wannan bambanci ne mafi yawan alfanu da matsalolin tsarin suka samo asali.

Asali da shigowa Najeriya

An kafa kamfanin Uber a birnin San Francisco na Amurka a shekarar 2009. Kamfanin Bolt, wanda da farko ake kira Taxify, wani matashi mai suna Markus Villig ne ya kafa shi a Tallinn, babban birnin Istoniya, a 2013, ya kuma sauya suna a 2019. Na ukunsu, inDrive, ya samo asali ne daga garin Yakutsk na ƙasar Rasha, kuma ya bambanta da sauran wajen barin fasinja ya taya, direba ya sallama ko ya ƙi, tamkar dai cinikin kasuwa.

Uber ya fara aiki a Legas a 2014, ya isa Abuja a 2016. A wannan shekara ce Taxify ya shigo Legas, inDrive kuma ya biyo baya a 2019. A tsakanin waɗannan shekaru aka samu kamfanonin da suka ɗauki irin wannan tsari suka ɗora shi a kan babura, irin su Gokada da MAX da kuma ORide na kamfanin OPay. Daga baya Bolt ya bazu zuwa manyan birane da dama na ƙasar nan, ciki har da Kano.

Yadda tsarin yake aiki

Fasinja yana buɗe manhajar ya rubuta inda za shi. Wayarsa tana nuna wa kamfanin inda yake tsaye ta hanyar taswirar tauraron ɗan’adam, sai a nuna masa kuɗin tafiya kafin ya amince. Idan ya amince, manhajar za ta tura buƙatarsa ga direban da ya fi kusa, ta kuma nuna masa sunan direban da hotonsa da lambar motar.

Kuɗin tafiya yana ginuwa ne a kan abu uku: kuɗin tashi, nisan hanya, da tsawon lokacin da aka ɓata. Akwai kuma ƙarin da ake yi idan masu neman mota sun fi motocin da ke kan titi yawa, kamar lokacin tashi daga aiki ko sa’ad da ruwan sama ya tsuge. Daga abin da fasinja ya biya, manyan kamfanonin biyu sun saba cire kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, na inDrive kuwa bai kai haka ba. Bayan an sauka, fasinja yana ba direba maki, direba ma yana ba fasinja. Direban da makinsa ya yi ƙasa, ko ƙorafi ya yi yawa a kansa, ana iya toshe shi daga manhajar.

Kano: daga acaɓa zuwa OPay

Manhajojin nan sun tarar da Kano tana da nata tsarin sufuri mai ƙarfi. A 2005, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka shigo da babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sunan da ya bi baburan har yau. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Injiniya Rabi’u Musa Kwankwaso ta hana sana’ar acaɓa a cikin birni. Dubban matasan da suka rasa abin yi suka koma tuƙin A Daidaita Sahu, ya zamana shi ne ƙashin bayan zirga-zirgar birnin.

Saboda haka gwaji mafi girma da Kano ta gani na sufuri ta waya ya zo ne a kan A Daidaita Sahu. A 2019 kamfanin OPay ya ƙaddamar da tsarinsa na OTrike a birnin, da farashi mai rahusa ƙwarai. Kamfanin ne yake cike wa direba giɓin daga aljihunsa domin ya tara jama’a. Fasinjoji suka yi tururuwa, direbobi da dama suka yi rajista, waɗanda ba su shiga ba kuma suka koka cewa an karya musu kasuwa. A watan Satumba na shekarar, ’yan sanda suka rufe ofishin kamfanin a Kano bisa zargin rashin cika ƙa’idojin gwamnatin jiha.

Al’amarin bai yi tsawon rai ba. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana babura da masu ƙafa uku bin manyan sassan birnin, lamarin da ya durƙusar da kamfanonin baburan haya, har Gokada ya sallami ɗimbin mahayansa ya koma aikin kai saƙo. Sai kuma annobar korona ta rufe garuruwa. A watan Yulin 2020 OPay ya sanar da dakatar da harkokinsa na ɗaukar fasinja, ya mayar da hankali ga hada-hadar kuɗi.

Wannan ɗan taƙaitaccen tarihi ya bar darasi biyu. Na farko, rahusar da kamfani yake yi a farkon shigowarsa kuɗin masu zuba jari ne, kuma tana da ranar ƙarewa. Duk direban da ya ci bashi ya sayi abin hawa da lissafin garaɓasar farko, to ya gina ɗakinsa a kan yashi. Na biyu, abin da ya rage a Kano bayan tafiyar OTrike shi ne sabon da mutane suka yi da biyan kuɗi ta waya, wanda ya yi amfani matuƙa a lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Lissafin direba

Direbobin manhaja kashi uku ne. Akwai mai motar kansa, sau da yawa ma’aikaci ne da yake fita bayan tashi daga ofis ko a ƙarshen mako domin ya cike giɓin albashi. Akwai mai tuƙa motar wani yana kai balas kullum ko duk mako. Akwai kuma wanda ya karɓi mota bashi yana biya kashi-kashi har ta zama tasa, tsarin da masu A Daidaita Sahu suka daɗe da saninsa. A Legas har an samu kamfani mai suna Moove wanda sana’arsa ita ce bai wa direbobin Uber motoci a kan irin wannan sharaɗi.

Domin a fahimci inda kuɗin yake tafiya, a ƙaddara fasinja ya biya naira 5,000. Idan kamasho kashi 20 ne, kamfani ya ɗauki naira 1,000 tun kafin a zo maganar mai. Daga 4,000 da suka rage direba zai sayi fetur, har da wanda ya ƙona wajen zuwa ɗaukar fasinjan da wanda zai ƙona idan ya dawo babu kowa. A ciki zai sayi data, ya ware na baƙin mai da taya da bakanike, ya sabunta takardu, ya kuma kai balas idan motar ba tasa ba ce. Kason kamfani ana cire shi ne daga jimillar kuɗin, ba daga riba ba. Ko direba ya ci ko ya faɗi a ranar, kamfani ya riga ya samu nasa.

Akwai wata asarar da ba ta bayyana a lissafin yau da kullum, wato tsufan mota. Motar da take yini tana zagaye a gari tana cin shekarunta da wuri. Direba yana iya ganin kuɗi a hannunsa kowace yamma, alhali wani ɓangare na kuɗin jikin motarsa ne yake sayarwa da kaɗan-kaɗan.

Wannan lissafi ya ƙara tsanani tun ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashin kayan gyara, waɗanda kusan dukkansu daga waje ake shigo da su. Mai tasi ko mai A Daidaita Sahu yana iya ƙara kuɗi a ranar da mai ya tashi. Direban manhaja sai ya jira kamfani. Wannan ne ya haifar da ɗabi’ar da fasinjoji suka sani: direba ya kira ya tambayi inda za a je, ya nemi ƙari, ko ya roƙi a soke tafiyar a manhaja a yi ciniki tsakaninsu.

Ma’aikaci ne ko abokin hulɗa?

Kamfanonin suna kiran direbobi abokan hulɗa masu cin gashin kansu, hujjarsu kuwa ita ce direba ne yake zaɓar lokacin da zai fita da lokacin da zai koma gida. Direbobi suna cewa wanda yake yanke farashi, yake sa ido a kan aikinka, kuma yake da ikon korarka, ai shi ne ubangidanka. Amsar wannan tambaya tana da nauyi, domin a kanta fansho da hutun rashin lafiya da diyyar haɗari suka rataya.

A ranar 19 ga Fabrairun 2021 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukuncin cewa direbobin Uber da suka kai ƙara suna da matsayin ma’aikata, sun cancanci mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da wata doka da ta shafi masu aiki ta manhajoji, wadda ta taƙaita ikon kwamfuta na sallamar mutum ba tare da ɗan’adam ya duba ba.

A Najeriya, Ma’aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta yi wa ƙungiyar direbobin manhaja rajista a 2023, wato ƙungiyar da aka sani da AUATON. A watan Yunin shekarar ƙungiyar ta kira yajin aiki, tana neman a ƙara kuɗin tafiya, a kuma rage kamasho. Sai dai yajin aikin direban manhaja yana da rauni na asali. Direbobin ba su da tasha guda da suke haɗuwa, kuma idan wasu suka ajiye aiki farashi yana tashi, wanda hakan yake jan wasu su fito. A kwatanta da yajin aikin masu A Daidaita Sahu na watan Fabrairun 2021 da na Janairun 2022 a kan kuɗaɗen da hukumar KAROTA ta ɗora musu, waɗanda suka sa ma’aikata da ɗalibai da ’yan kasuwa takawa a ƙasa a duk faɗin birnin Kano.

Abin da ’yan kasuwa da ma’aikata suka samu

Ga fasinja, babban alfanu shi ne sanin farashi tun kafin a tashi, da zuwan mota har ƙofar gida. Baƙon da ya sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ko ɗan kasuwar da ya zo sari Kantin Kwari daga wata jiha, ba sai ya san gari ba kafin ya tsira daga tsawwalawa. Ma’aikacin da aka aika aiki yana samun rasit da zai gabatar a ofis. Otal-otal da gidajen abinci da wuraren biki suna samun baƙin da a da rashin abin hawa da dare yake hana su fitowa, musamman bayan da gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar A Daidaita Sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a watan Yulin 2022.

Fannin da ya fi taɓa ƙananan ’yan kasuwa shi ne kai saƙo. Matan da suke sana’a a cikin gida, masu sayar da atamfa da turaren wuta da abinci ta WhatsApp da Instagram, a da sai sun dogara da yara ’yan talla ko dillaliya. Yanzu kaya yana tashi daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki a hannun mai babur ko direban da aka kira ta waya, kuɗi kuma ya shigo ta asusu. Akwai kuma masu cin arziki a gefe: masu sayar da waya da gyaranta, masu wankin mota, bakanikai, da dillalan motoci.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu tasi da ke jiran shata a ƙofar otal da filin jirgi, domin farashinsu ya dogara ne da rashin zaɓin fasinja. Amma ga talakan birni tasirin kaɗan ne. A Daidaita Sahu yana haɗa mutum uku ko huɗu su raba kuɗin hanya, motar manhaja kuwa shata ce ta mutum ɗaya. Shi ya sa a Kano ta zauna a hannun masu matsakaicin hali da baƙi.

Ta fuskar tsaro, fasinja ya fi direba samun kariya. Sanin sunan direba da lambar mota, da damar tura wa ’yan’uwa hanyar da ake bi, abu ne mai daraja a garin da ake fama da masu ƙwacen waya. Shi kuwa direba an tantance shi da lasisi da hoto, amma sau da yawa bai san wanda zai ɗauka ba. Ƙungiyar direbobin ta sha kokawa kan ’yan fashin da suke shigar burtu a matsayin fasinjoji su ƙwace mota, wani lokaci har da rasa rai.

Kudancin Kano: inda manhaja ba ta kai ba

Idan aka bar birni aka bi titin Zariya zuwa Kwanar Ɗangora, aka karkata ta hanyar Tudun Wada da Doguwa wadda ta ratsa dajin Falgore ta nufi Jos, sufuri yana nan a hannun tasha da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ’yan acaɓa. Haka abin yake a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru, da garuruwa irin su Burumburum ta ƙaramar hukumar Tudun Wada.

Dalilin lissafi ne. Manhaja tana cin riba ne inda mutane suka yi cunkoso, ta yadda direba zai sauke wannan ya ɗauki wancan cikin ’yan mintuna. Direban da ya kai fasinja Doguwa, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Kano, zai dawo ne da mota babu kowa, sai dai fasinjan ya biya zuwa da dawowa. Tasha ta warware wannan matsala tun tuni ta hanyar layi da lodi: mota ba ta tashi sai ta cika, kuma akwai tasha a can da za ta cika ta a dawowa. Ban da haka, zirga-zirgar karkara tana bin ranakun kasuwa da lokacin kaka, kuma abin da ake ɗauka ya haɗa da buhunan masara da shinkafa da rake da dabbobi. Sabis ɗin intanet ma yana da rauni a ƙauyuka da dama.

Duk da haka waya ta riga ta sauya sufurin yankin ba tare da kamfani ba. Manomi yana da lambar ɗan acaɓan da ya amince da shi. Ɗan kasuwar Tudun Wada yana kiran abokin cinikinsa a kasuwar Singa a ɗaura masa kaya, a ba direban tasha, ya tura kuɗi ta wajen mai POS, ya tari kayansa da yamma. Abin da manhaja take ginawa da maki, a nan sanayya ce take gina shi, kuma babu mai cire kashi 20.

Ta wata fuskar kuma tasirin yana isowa ta hannun ’yan ci-rani. Matasan karkarar Arewa da suke tafiya Kano da Abuja da Legas bayan girbi, da yawansu acaɓa suke yi. Duk dokar da aka kafa a can a kan babura, takan bayyana a gida ta hanyar raguwar kuɗin da ake aikowa na taki da cefane. Shiga tsarin manhaja kuma yana buƙatar lasisi da babbar waya da asusun banki da iya karanta taswira, sharuɗɗan da suke tace wanda bai yi karatun boko ba.

Rawar hukuma

Legas ce ta fara tsara wa wannan harka dokoki na musamman a watan Agustan 2020, inda ta wajabta wa kamfanoni lasisi da biyan naira 20 a kan kowace tafiya domin gyaran tituna. A 2022 kuma aka ƙaddamar da LagRide da goyon bayan gwamnatin jihar. A Kano, inda KAROTA ke kula da harkokin tituna, tambayoyin da suke gaban hukuma su ne waɗanda direbobi suka daɗe suna yi: iyakar abin da kamfani zai cire, tantance fasinja kamar yadda ake tantance direba, inshorar haɗari, da wurin da wanda aka toshe zai kai kukansa a saurare shi.

Ga mai tunanin sayen mota ya ba da ita haya, ko ma’aikacin da yake son fita da tasa bayan ofis, ma’aunin da ya dace shi ne abin da ya rage a ƙarshen wata bayan an cire kamasho da mai da gyara da tsufan mota, a kuma yi lissafin da farashin da babu garaɓasa a cikinsa. Wanda zai karɓi mota bashi kuma ya kamata ya san tun farko abin da yarjejeniyar ta tanada idan ya kwanta rashin lafiya, ko aka toshe shi, ko kamfanin ya tattara ya bar gari kamar yadda aka gani a 2020.